Lilo a Saman Dajin Lekki

Kwana biyu na yi a Agege ina hutar da ƙugu bayan doguwar tafiyar mota daga Kano, sai 'yar ƙanwata da ke karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Legas ta ce yau sai Lekki. Danfo uku muka hau. Cunkoson hanya kuwa ba a magana.

A gandun dajin Lekki, wanda aka kafa a 1990, akwai gadar da aka rataya a saman bishiyoyi, tsawonta mita 401. Ina ɗora ƙafa ta fara lilo. Na ƙanƙame igiya ina salati, wani biri a reshe ya zuba mini ido kamar ya biya kuɗin kallo.

"Kawu, kada ka sandare, bi rawarta," in ji ta.

A wurin hutawa ta jawo wani ganye mai sheƙi, raɓa ba ta gama bushewa a jijiyoyinsa ba. Ta ce shi ma cikinsa rawa ake yi. Kulorofil, sinadarin da ke ba ganye launinsa, yana shan jan haske da shuɗi, ya bar mana kore. Kuma ba a sake yake ba, furotin ne ke riƙe da shi kamar dutse a bakin zobe, furotin ɗin kuma kullum cikin karkarwa yake. Idan ƙwayar kulorofil ɗaya ta cafke haske sai ta miƙa ƙarfinsa ga maƙwabciyarta, hannu da hannu, har inda ake sarrafa shi. Matakin ƙarfin ƙwayoyin ba ɗaya ba ne, karkarwar ce ke shanye rarar da ke tsakani, sai ƙarfin ya gangara bai maƙale ba. Ni da na ɗauka girgiza ɓarna kawai take yi!

Ta ƙara da cewa a 2007 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun ga wani bugu mai hawa da sauka a awon da suka yi wa furotin ɗin wata bakteriya mai shan haske, suka fassara shi da cewa ƙarfin na bin hanyoyi da yawa a lokaci guda. Aka yi shekaru ana ja-in-ja kafin akasari su yarda yawancin bugun rawar ƙwayoyin ce.

Na ce, "Ke dai fara sauke ni ƙasa tukuna."

Sauran gadar da hannu ɗaya na ƙarasa ta, gwiwa a sake. Da daddare a teburin mai shayi a Agege, ina zaune a benci amma ji nake yana lilo da ni.