Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gobe da Nisa

Assalamu alaikum. Makon jiya na yi alkawarin yau zan shiga zancen tafiyata Gombe koyon gyaran babur. Ku gafarce ni. Shekaranjiya a tasha na ga wani yaro da tsumma ɗaure a ƙwauri, tun daga nan Autanmu ya tsaya mini a rai, ya ƙi gusawa.

Kakar 2012 ce, shekarar da kogin Binuwai ya yi ambaliya ya koro macizai tudu. Muna cirar gyaɗa a gonar bayan gari, Auta ya taka tarin harawa ba takalmi, kububuwa ta sare shi a idon sawu. 'Yar ƙarama ce, kalar ƙasa, sai ta motsa kake ganinta. Mutanenmu gobe da nisa suke ce mata.

Baba ya riga ya rasu, maganar Kawu ce magana a gidanmu. Na ce a nemi mota, ya ce, "Ba a kai saran maciji asibiti. Allura da dafi ba sa haɗuwa." Shekarata ashirin da uku lokacin, da gemuna, amma na sunkuyar da kai na ce, "To, Kawu." Wannan "to" ɗin ita ke hana ni barci har yau.

Mai magani ya zo ya ɗaure ƙafar da robar taya, ya tsattsaga wurin da reza, ya manna baƙin dutse, ya ba shi jiƙo ya yi ta amai. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, wannan daga baya na sani. Ashe kowace tsaga ƙofa muka buɗe wa jinin yaron. Washegari dasashinsa na zubar da jini, wani tsohon miki a gwiwarsa da ya warke tun bara ya buɗe. Inna ba ta taɓa ƙetare maganar wanta ba, amma ranar ta kama hannuna a bayan rumbu ta ce, "Ɗauki ƙanenka ku tafi, ni zan ji da Yaya."

A babur muka ɗauke shi, ni a baya ina riƙe da shi. Ƙaramin asibitin da muka fara isa babu maganin dafi, babu ma wutar da za a ajiye shi a firiji. Malamin ya sa masa ƙarin ruwa, ya ce mu nufi asibitin masu saran maciji na Kaltungo. Kafin mu sami motar da ta yarda ta ɗauke mu, an yi sallar isha. Kansa na kan cinyata ya cika, ba mu kai ba. Allah Ya jiƙansa.

Allura da dafi ba sa haɗuwa. A wurin zaman makoki ma sai da Kawu ya maimaita, wai ƙarin ruwan nan ne ya ƙarasa shi.

Na yi aure, na buɗe gareji, duk wannan sai wani makon. Ranar da kububuwa ta sari 'yata ta fari a bayan ɗakin kakarta, ban tambayi kowa ba. Ba ɗauri, ba tsaga. Na hana ta taka ƙafar, na yi shatar mota kai tsaye zuwa asibitin masu saran maciji na Kaltungo. Can na ga Fulani makiyaya da manoma daga Taraba, Adamawa da Bauchi kwance jere. Aka ɗibi jininta a 'yar kwalba aka ajiye minti 20, aka karkata, yana nan tsararo kamar ruwa. Suka ɗaura mata EchiTAb ta jijiya, maganin dafin da aka samar ta hanyar amfani da dafin macizanmu na nan, waɗanda aka kai Ingila aka tatsa. Bayan awa shida aka sake gwaji, jini ya daskare. Na fita waje na zauna gindin bishiya na yi kukan da ban yi wa Auta ba.

A 2017 na ji a rediyo Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Sakaci. Kalmar da na daɗe ina nema in faɗa wa Kawu ke nan, kuma ni ma ba ta bar ni ba.

Da muka dawo da yarinyar tana takawa da ƙafarta, Kawu ya zo da kaza a hannu. Ya duba tabon allurar a hannunta ya daɗe, ya ce, "Sannu, amaryata," ya ajiye kazar ya fita. Har ya bar duniya ba mu taɓa ɗaga maganar Auta ba.

Zancen Gombe sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.