Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Datsun Ɗin Nguru

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda na sakar wa manyan yarana aikin yau da kullum na gareji, gwiwa ta fara ƙi, na koma sai aikin da ya gagare su suke kira na. To a cikin wannan zaman ne, a shekarar 2008, maganar motar Nguru ta taso.

Waɗanda suka biyo ni tun daga farko sun san na shiga koyon kanikanci a Kano ina ɗan yaro, lokacin titi na Peugeot 404 ne da Volkswagen da Land Rover da manyan Bedford. Motar Japan a lokacin abar raini ce. Maigidana, Allah ya jiƙansa, in aka kawo masa ita sai ya ƙwanƙwasa ƙofarta da sifana ya ce, "Ku ji gwangwani." Sai da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975 sannan Datsun 120Y ta cika gari, 'yan tasi suka gane ba ta shan mai kuma ba ta kwana a gareji. A shekarar ne kuma aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, don haka mai hali ya ci gaba da hawa 504, talaka da ɗan tasi suka rungumi Datsun.

Amma akwai wata Datsun da ta riga waɗannan, wadda ko maigidana bai taɓa kira gwangwani ba. Ita ce Datsun 1600, wadda a Japan ake ce wa Bluebird, samfurin 510, da aka fara ƙerawa a 1967. A cikinta akwai wadda ta fi sauran ƙarfin inji, mai tambarin SSS. Da irinta ne Edgar Herrmann, wani Bajamushe mazaunin Kenya, ya ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1970, a kan hanyoyin da ke karya motocin Turai. Hotonta da aka yanko daga wata mujalla ya daɗe manne a bangon garejin maigidana har ya yi ja. Sau ɗaya aka taɓa kawo mana mai SSS gyara ina yaro, ni kuma aikina a ranar miƙa sifana ne kawai, ko bonet ba a bar ni na taɓa ba.

Shekarar 2008 shekarar 'yan gwangwan ce. Ƙarfe ya yi tsada, yara suka bazu ƙauyuka da kura da a-kori-kura suna sayen duk abin da maganaɗisu zai kama. Tsofaffin motocin da suka shekara talatin a bayan gidaje, a 'yan watanni aka sassare su da gatari aka auna a kilo. Ban ga laifinsu ba, neman halak suke yi, amma abin da aka narka a wannan shekarar ba zai dawo ba. Ni dai na roƙi waɗanda na sani a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano cewa duk wanda ya ci karo da tsohuwar motar Japan mai sitiyari a hannun dama, ya yi mini magana kafin ya ɗaga gatari.

Maganar sitiyarin tana da dalili. A ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Gowon, Najeriya ta bar tuƙi a hagun titi ta koma dama, daga nan motocin da ake shigowa da su suka koma masu sitiyari a hagu. Saboda haka in ka ga tsohuwar mota a ƙasar nan da sitiyari a dama, galibi ta riga wannan ranar shigowa. Ba sai ɗan gwangwan ya san sunan mota ba, leƙawa kawai zai yi.

Wani yaro ɗan Haɗeja ne ya kawo labarin. Ya ce, "Baba, akwai wata a Nguru, a rumfar kwano a cikin gida. Na taya sun hana, wai ta gado ce. Sitiyarinta a dama, kuma a gefenta an rubuta S har uku."

Ban nuna masa komai a fuska ba, don wanda ya nuna wa ɗan gwangwan zumuɗi ya ƙara wa kansa kuɗi. Na ba shi na mota da na goro, na ce ya raka ni.

Muka bi ta Gumel da Malam Madori muka faɗa Nguru. Wanda bai san garin ba zai yi mamakin yadda mota irin wannan ta je can, amma Nguru nan ne ƙarshen layin dogon da ya tashi daga Kano, kuma a zamanin gyaɗa kuɗi sun zauna a garin sosai. Gyaɗa da fata da ƙaro duk ta nan ake loda su. Mai motar dillalin gyaɗa ne. Takardun da aka nuna mini daga baya sun nuna a hannun wani Kwara, wato Balarabe ɗan kasuwa, ya saye ta a Kano, da fam da sule, tun kafin naira ta fito a 1973. Fari ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, harkar ta durƙushe. Alhaji ya ci gaba da lallaɓa motarsa har wajen tsakiyar shekarun 1980, lokacin da kayan gyara suka yi wuya, sai ya tura ta rumfa ya ce sai abubuwa sun daidaita. Har ya koma ga Mahaliccinsa tana nan.

Babban ɗansa, malamin makaranta mai ritaya, shi ya yi mana iso. Na gaida Hajiya, matar marigayin, daga bakin ƙofar ɗakinta, na yi musu ta'aziyya ko da rasuwar ta daɗe, sannan aka janye buhunan dusa da tsofaffin tabarmi daga kan motar.

Fara ce, ko in ce ta taɓa zama fara. Ƙofa huɗu. Tayoyi sun narke sun manne da ƙasa, kaji sun mai da kujerar baya wurin ƙwai, ɓeraye sun gama da wayoyi. Duk wannan bai dame ni ba. Na shimfiɗa buhu na kwanta, da gwiwar tawa da komai, na haska tocila ƙarƙashin baya.

Bari in yi wa matasan makanikai bayani, don nan ne maganar take. Datsun 1600 ɗin da na saba shiga ƙarƙashinsu a nan, bayansu irin na a-kori-kura ne: ƙarfe guda ya haɗa tayoyin biyu, an ɗora shi a kan sifirin mai jere. Wannan kuwa kowace tayar baya da hannunta daban da sifirin mai naɗi, in ɗaya ta faɗa rami ba ta jan 'yar'uwarta. A wancan zamani sai a motocin Jamus masu tsada kake ganin haka. Na fito na buɗe bonet, ga injin L16 a zaune, kan silinda na alminiyam, kamshaf a sama sarƙa na jan sa, ga kafireto biyu na Hitachi jere a gefe ba wanda ya taɓa cire su. Na goge farantin lamba da yawu da bakin riga, P510 ta fito. A cikin mota giya huɗu a ƙasa, da agogon da ke nuna juyin inji. Tambari ana iya sayo shi a manna a kowace mota, amma waɗannan ba a manna su.

Sai tsatsa, wadda ita ce ajalin motocin Japan na wancan lokaci saboda ƙarfen jikinsu ba kauri. Na bi da sukundireba ina sokawa: ƙasan ƙafar direba, ƙarƙashin ƙofofi, bakin tayoyin baya, cikin but. Wuri ɗaya ne ya huje, gindin batir, inda ruwan batir ya zuba ya ci. Sauran duk garau. Da a Legas ko Fatakwal aka ajiye ta, da tsintsiya za a kwashe ta. Busasshiyar iskar Yobe da rumfar Alhaji su suka yi mini rabin aikin tun ban zo ba. Inji kam ya kafe, na sa sifana a fule na danna bai ko motsa ba, amma sandar baƙin mai ta fito da mai baƙi ƙirin ba alamar ruwa, wannan kuwa albishir ne.

Muka koma zaure aka kawo ruwa da fura. Na ce, "Malam, ina son motar nan, kuma ba yanka ta zan yi ba."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, ba tawa ba ce ni kaɗai. An raba gida, an raba gonaki, ita ce aka kasa. Mu goma sha ɗaya ne, ga Hajiya. Duk wanda ya zo saye sai wani ya ce ba a sayar da motar Baba wa masu gatari."

A nan na gane tsatsa da kafewar inji ƙananan abubuwa ne. Kayan gadon da ba a raba ba, ba mai ikon sayar da shi sai da yardar kowane magaji, kuma ni ba zan sa kuɗina da ƙarfina a abin da gobe wani zai kai ni gaban alƙali a kansa ba, balle a je lahira da haƙƙin marayu. Sai dai wannan taƙaddamar tasu ita ta tsare motar. Da kansu a haɗe yake, da tuni an auna ta. Ba ta kai tan ɗaya ba, kuɗin da yaron Haɗeja ya taya ko ragon layya mai kyau ba zai saya ba.

Na ce a kira limamin unguwa da wani dattijo cikin makanikan garin su yi mata kuɗi tsakani da Allah, ni kuma zan ƙara a kan abin da suka faɗa. Limamin ya zo ya yi lissafi a gaban kowa: tumunin Hajiya, sauran kuma namiji rabon mata biyu. Da aka kasa, abin da zai isa hannun kowace mace bai taka kara ya karya ba, har wani ƙanen Malam ya yi dariya ya ce kuɗin katin waya za a yi ta rigima a kai. To ai daman ba kuɗin ba ne.

Yawancinsu sun amince a take. Aka yi ta kiran na nesa a waya, na Maiduguri da na Kaduna suka ce duk abin da Yaya ya yanke. Saura mutum ɗaya, autarsu da ke aure a Damagaram. Ita ta ƙi. Ta ce a motar nan aka kai ta makaranta ranar farko, kuma kowa ya faɗi abin da ya ga dama, mai saye dai mai saye ne.

Na dawo Kano hannu rabbana. Uwargida ta ce, "Malam, da ma Allah ya raba ka da wahala. Mutum da jikoki ya rasa abin so sai akurkin kaji." Ban tanka ba. Damina ta shigo, hankalina na kan rumfar nan, don na ga kwanon ya fara yoyo ta kusurwa ɗaya daidai saitin gilashin baya. Na aika wa Malam kuɗin fallen kwano biyu na ce a gyara, ko an sayar mini ko ba a sayar ba. Na kuma roƙe shi ya sa makanikin nan ya cire filogi huɗun ya ɗura baƙin mai gauraye da kananzir a ramukan, ya mayar da su, a bar shi yana jiƙa fistin a hankali.

Ban san wanda ya kai wa autar labarin kwanon ba, ina zaton Hajiya ce. Bayan ƙaramar salla sai ga kiran Malam. Ya ce ta zo gida, tana son magana da ni. Ta karɓi wayar muka gaisa, ta ce, "Baba, an ce kai ka rufe motar Babanmu." Na ce ƙwarai. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi biyu: ba za a canza mata launi ba, kuma ranar da ta tashi, Nguru za ta fara zuwa a ɗauki Hajiya a zaga da ita gari. Na ce na ɗauka, in Allah ya ba mu rai da lafiya.

Aka rubuta takardar ciniki, kowane magaji ya sa hannu ko ya dangwala, liman da mai unguwa suka yi shaida. Malam ya shiga ɗakin mahaifinsa ya fito da wata jakar fata, a ciki akwai takardun motar, da makulli biyu, da littafin masu ƙera ta wanda gara ta ci gefensa. Wannan littafin daga baya ya yi mini amfanin da ban zata ba.

Fitar da ita daga gidan ma aiki ne, don bayan an ajiye ta an gina ɗaki a gaban rumfar, sai da aka fasa katanga ta baya na biya kuɗin gini. Birki ya kama tayoyin baya, muka kwance muka bubbuga da guduma har suka saki, muka ara tayoyi a wurin mai faci, majiya ƙarfin unguwa suka turo ta waje yara na ihu. Janwe daga Kano ya fi ƙarfin aljihuna a lokacin, sai muka yi ciniki da wani direban babbar mota da zai kai bandar kifi Kano. Aka samu tudun lodin shanu aka tura ta ciki, aka ɗaure da igiya, aka jera kwalayen kifi kewaye da ita. Warin bandar nan sai da ya shekara a kujerun.

Da muka sauke ta a gareji da daddare, yarana suka kewaye ta suna kallon juna, babbansu ya ce, "Oga, wannan ce?" Na ce ita ce, gobe kowa ya zo da wuri, kuma kada wanda ya kusanci kafireton nan da sifana sai ina tsaye.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin abin da muka tarar da muka ɗaga kan silinda, da yadda neman ringi da sarƙar inji ya kai ni Panteka a Kaduna wurin wani tsoho da ke da ragowar kayan Datsun 180B a ƙarƙashin gadonsa.