Yadda na ɗauki ɗan gudun hijira aiki a shagona na Fagge

Shagon ɗinki gare ni a Fagge, kuma daga tsakiyar azumi zuwa jajibirin sallah ba ma samun ko barcin kirki. A irin wannan lokacin wani dattijo da muke jam'i tare ya kawo mini wani bawan Allah, mutumin Bangui, cikin Musulmin da rikicin Afirka ta Tsakiya ya kora a 2014. Hausarsa gurguwa ce, amma hannunsa a surfani sai wanda ya gani.

Maƙwabta suka yi caa. "Alhaji, kada ka jawo wa kanka, baƙo ba ya aiki sai da takardar shige da fice." Sai na kira ɗan yayata da ya karanta lauya. Ya ce, "Kawu, fara tambayarsa katinsa." Ashe nan ne gaɓar. Ɗan ci-rani daban, mai neman mafaka da ba a gama duba maganarsa ba daban, wanda gwamnati ta amince ɗan gudun hijira ne daban. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ita ke tantancewa, tana aiki da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta UNHCR. Mutumin nan yana da katinsa, a naɗe cikin leda.

Yaron ya ce Najeriya ta shiga yarjejeniyar duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira tun 1967. Sashe na 17 ya yi magana kan aikin albashi, har ya ce wanda ya shekara uku a ƙasa ba a ɗora masa takunkumin da ake sa wa baƙi don kare aikin 'yan ƙasa. Na 18 na masu sana'ar kansu ne. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 24: a maganar lada da lokutan aiki, yadda doka ta tanadar wa ɗan ƙasa haka shi ma.

Ya tsaya mini ne saboda waɗanda suka tsorata ni da farko su ne suka dawo da shawara: ka ba shi rabin abin da kake ba yaranka, ai ba shi da inda za shi. Wallahi wannan cin zali ne ko da babu wata yarjejeniya a duniya. Kuɗin kowace riga nake biyansa daidai da kowa, in aikin wuyan riga ne kuwa har ya fi, don ya fi su iyawa.

Wahalar gaske a banki take. Ma'aikaciyar ba ta taɓa ganin irin katinsa ba, ta juya shi gaba da baya ta ce sai lambar NIN. Muka bi layin rajista, aka yi ta "ku dawo gobe", ni kuwa ina biyansa a hannu kafin asusun ya buɗe. Yanzu na ajiye kwafin katin a shago, na kuma rubuta ranar ƙarewarsa a littafin awo don mu sabunta da wuri.

Bana ya ce yana son kama ɗan shagonsa a wajen Kantin Kwari. Mai shagon ya ce ba ya ba baƙo haya sai da mai tsaya masa, na je na sa hannu.