Wasiƙa daga New York: cocin da gonar sarauniya ke riƙe da shi

Jama'ar gida, ina gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali?

Shekaranjiya na fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a bakin Wall Street, unguwar masu juya kuɗi, sai ga wani tsohon coci na jan dutse a tsakanin dogayen benaye, kamar dattijo a taron samari. Trinity ke nan, na ɗarikar Episcopal, 'yan uwan Angalika irin na Wusasa, sai dai reshen Amurka.

Wannan ginin shi ne na uku, an gama shi a 1846. Na farko gobarar 1776 ta cinye shi, na biyu kuwa dusar ƙanƙara ce ta raunata rufinsa a 1839 aka rushe. Hasumiyar na yanzu ƙafa 281, kuma har 1890 babu benen da ya fi ta tsawo a birnin.

Amma gona ce ta sa na ɗauki alƙalami. A 1705 Sarauniya Anne ta Ingila ta ba cocin eka 215 na noma. Da mu ne sai mu ce waƙafi. Birni ya zo ya hau kanta. An sayar da wani ɓangare, an kyautar da wani, har kwalejin da ta zama Jami'ar Columbia ta samu fili. Abin da ya rage bai wuce eka 14 ba, amma dukiyar cocin ta kai biliyoyin daloli, da ita ake ciyar da mabuƙata, ake tallafa wa majami'u har a Afirka. Ba wai hannunsu fari ne tas ba: a ƙarshen ƙarni na 19 jaridu sun yi ta caccakar su kan gidajen haya marasa kyau da talakawa ke cunkushe a ciki. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne shekara 300 ba wani shugaba da ya mai da filin gadon gidansa.

Ƙaramin cocinsu, St. Paul's, yana nan gaba kaɗan tun 1766. Nan George Washington ya yi addu'a ranar da aka rantsar da shi shugaban Amurka na farko a 1789, nan kuma masu aikin ceto suka yi watanni suna kwana bayan harin 11 ga Satumba na 2001.

A maƙabartar Trinity na tsaya kan kabarin Alexander Hamilton, mai hoto a takardar dala 10. Baƙi sun zuba masa sulalla a kai.

A gaida kowa da kowa.