Ina Duba Tsofaffin Wasu a Alaska, Inna Tana Gida

Babu titin da ya haɗa garin da nake zaune da wani gari. Ko ka zo ta sama, ko ka biyo kogi lokacin zafi. Sunansa Bethel, a yammacin jihar Alaska ta Amurka, wajen kilomita 640 daga Anchorage, kuma mutanensa sun ɗan haura dubu 6. Duk ƙanƙantarsa shi ne birnin yankin: a nan babban asibiti yake, daga nan kuma ƙananan jirage ke tashi zuwa ƙauyuka wajen 50 da ke warwatse tsakanin kogin Yukon da kogin Kuskokwim. Yankin ya fi Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna faɗi in an haɗe su, amma mutanensa gaba ɗaya ba su wuce dubu 30 ba. Mafi yawansu 'yan ƙabilar Yup'ik ne, waɗanda suke nan tun kafin a yi wata ƙasa mai suna Amurka.

Aikin jinya ne ya kawo ni. Maigida kuma tasi yake ja, cikin 'yan Koriya da 'yan Albaniya da suka riƙe sana'ar a garin, ko da yake a gida an san shi da "harkar sufuri", mu ma ba mu gyara wa kowa ba. Ni aikina na fita ƙauye ne: allurar rigakafi, awon jarirai, gwajin tarin fuka, duba hawan jini da ciwon suga. A ɗora ni a jirgi mai kujeru shida ko tara tare da kwalayen taliya da wasiƙu, a sauke ni a fili fetal, wani ya zo da babur ɗin ƙanƙara ya ja ni da akwatunana. In hazo ya rufe, jirgin komawa ba zai zo ba, sai in shimfiɗa a ɗakin shan magani ko a ajin makaranta har sama ta buɗe. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen sha ɗaya, kafin biyar ta faɗi, ina idar da azahar la'asar ta shigo, kafin in gama da marar lafiya biyu magariba ta yi. A watan Yuni kuwa sha biyun dare da sauran rana. Ban taɓa jin kiran salla da kunnena a nan ba sai na waya.

Farkon zuwana na ɗauki hoton banɗakin wani gida na tura zauren WhatsApp na gidanmu. Bokiti ne aka sa masa leda da murfi, in ya cika a kai shi juji. Ƙauyuka wajen 30 a Alaska har yau ba a ja musu ruwan famfo cikin gidaje ba, ruwa sai an ɗebo, ko an saro ƙanƙara an narkar. Abin ba ƙazanta ba ne, ƙasar ce a daskare, binne bututu a cikinta kuɗi ne na fitar hankali. Amma sakamakon a jikin yara yake fita: inda 'yan gida duka ke wanke hannu a ruwan kwano ɗaya, maruru da ciwon haƙarƙari na jarirai sun fi yawa. Na tura hoton ne don su ga inda nake. Amsar da Yaya ya bayar ita ce wai dabara ce, na fara share fagen cewa babu kuɗi. Ban sake tura hoton komai ba.

Kowane ƙauye da mai riƙe da ɗakin shan maganinsa, kuma ba baƙuwa ba ce irina. 'Yar garin ce, mafi yawansu mata, dattawan gari ne ke sa hannu a zaɓe ta. Ba likita ba ce, ba nas ba ce. Ana kai ta horo na 'yan makonni, ta dawo ta yi aiki, a sake kai ta, har ta gama zango huɗu. Tana da littafin da take bi tambaya bayan tambaya, sannan ta kira likita a Bethel ta faɗa masa abin da ta gani, ko ta haska cikin kunnen yaro ta tura masa hoton. Asalin abin daga annobar tarin fuka ce ta shekarun 1950, lokacin da aka rasa masu raba magani a ƙauyuka aka koya wa 'yan sa-kai na gari. A 1968 gwamnatin tarayya ta amince da shi ta fara ba shi kuɗi. Yanzu suna da wajen 550 a ƙauyuka sama da 170 a faɗin jihar. Daga baya aka ƙaro masu duba haƙori, waɗanda na farkonsu sai New Zealand aka kai su karatu, da kuma masu zama da mutum kan damuwa da shaye-shaye.

Ni da takarduna na zo ina jin kaina, amma ba a daɗe ba na ga wace ce mai aikin. Ni baƙuwa ce mai zuwa ta tafi. Ita ce ta san tsohon da ke ɓoye ƙwayoyinsa a aljihun rigar sanyi, ta san gidan da aka yi faɗa daren jiya, ta san yarinyar da ta daina zuwa makaranta. In ta ce a fito da yara allura, ana fitowa, don uwar yaron ƙanwarta ce ko 'yar kawunta. Kuma wannan kusancin shi ne wahalar aikin. Wayar gaggawa a gefen matashinta take kwana, wanda za a kira ta a kansa cikin dare jininta ne. Wata ta gaya mini ita ta fara isa kan ɗan 'yar'uwarta, saurayi, bayan ya kashe kansa, washegari kuma ta buɗe ɗakin shan magani don akwai masu awo. Shi ya sa da yawa ba sa daɗewa.

Maganar samari masu kashe kansu ita ce babban ciwon yankin, abin ya ninka na sauran Amurka. Ƙauyuka da dama sun kaɗa ƙuri'a sun haramta shigo da giya, amma ana satar shigowa da ita. Su dattawan ba daga giya suke fara labarin ba. Daga 1900 suke farawa, shekarar da ƙyanda da mura suka haɗu suka share gidaje, sai murar 1918, sai tarin fuka, sai kwashe yara zuwa makarantun kwana inda ake dukansu in sun yi yarensu. Don haka rigakafin da suka fi yarda da shi ba a kwalba yake ba. Akwai shirin da suke kira Calricaraq, inda dattawa ke zama da mutane kwana da kwanaki a yi ta magana kan baƙin ciki da tarbiyya irin tasu. Ana fita da samari kamun kifi da farauta, a koya wa 'yan mata yanka kifi da shanya shi, duk a cikin aikin lafiya ake lissafa shi. Da farko na ɗauka ɓata kuɗi ne. Yanzu dai na ga yaron da ya kai wa tsohuwa kifin da ya kamo da hannunsa, na ga yadda yake tafiya bayan nan, bakina ya mutu.

Ba sa barin baƙo da yunwa. Busasshen kifi ake miƙo maka da man wata dabbar teku a ɗan kofi ka dangwala. Na gode Allah da ya yi ni 'yar Malikiyya, abin da ya fito daga ruwa ba ya buƙatar dogon bincike. Warin man ne dai sai a hankali.

A wani ƙauye na bakin Kuskokwim aka kai ni gidan wata tsohuwa da ba ta iya fitowa. Ba ta jin Turanci sosai, 'yar garin ce ke yi mana tafinta. Ina ɗaura mata abin awo a dantse ta ga hoton ɗana a wayata, ta tambayi sunansa. Na ce sunan mahaifina ne da ya rasu, shi ya sa ba ma kiran sunan, Abba muke ce masa. Da aka fassara mata sai ta yi dariya har da tari, ta nuna wata 'yar jikarta da ke wasa a ƙasa ta ce wannan ma uwarta ce. Su ma haka suke yi, in an haifi yaro bayan rasuwa sai a ba shi sunan mamacin, 'yan'uwa su riƙa kiransa da matsayin wancan. Na ji daɗi har raina, na ce yau na tarar da 'yan'uwa a ƙarshen duniya.

Sai ta ce, to mahaifiyata fa, tana raye? Na ce tana nan. Ta ce a gidana? Na ce a'a, tana can ƙasarmu. Ta yi shiru, su dama ba sa gaggawar magana. Can ta ce, to wa yake ɗaura mata wannan abin?

Ba da gatse ta faɗa ba, wallahi tambaya ce kawai. 'Yar garin ta fassara, ta sunkuyar da kai tana rubutun da na san ba komai take rubutawa ba. Ni kuwa na tsaya da abin awo a hannu, da hijabi da hular gashi a kai, na rasa ta cewa. Na ce akwai yayana. Tsohuwar ta ɗaga gira, wato ta ji. Na rubuta lambobinta, na haɗa kayana, na fito cikin iska hawaye na daskarewa a fuskata.

Inna tana da hawan jini tun ina makarantar jinya. Yadda take shan magani kowa ya san irinsa: in kai ya yi ciwo a aika kemis, in ya lafa a ajiye sauran a kan taga. Ɗakin shan maganin ƙauyenmu, can ƙasar Katsina, ginin yana nan da fentinsa, amma malamin da aka turo a birni iyalinsa suke, ranar kasuwa ake ganinsa. Ban ga laifinsa sosai ba, ba garinsu ba ne, ba uwarsa ba ce. In ka kira Inna kuwa amsa ɗaya ce: "Lafiya lau, 'yar nan. Ya sanyin? Kina dai rufe wa yaron nan kunne ko?" Ranar da jiri ya kayar da ita a bakin murhu, sai bayan sati na ji, a bakin maƙwabciya.

Bayan maganar tsohuwar nan na sayi na'urar awon jini mai batir, wadda ko yaro zai iya dannawa, na ba wani mai tafiya gida. Da ta isa sai ga saƙon murya daga Yaya, a zauren gida kowa na ji: "Mutum yana Amurka, abin da zai aiko wa uwarsa ke nan, abin matse hannu? In kina son lafiyarta ki turo a kai ta birni a yi mata hoto." Ai ina turowa. Duk wata ina turowa, shi ya fi kowa sani. Abin da na kasa sa shi ya gane shi ne hoton ba ya hana shanyewar ɓarin jiki. Abin da ke hanawa shi ne wani ya zauna kusa da ita kullum da safe, ya ga ta haɗiye ƙwayar, ya hana a zuba mata gishiri da dunƙule kamar na kowa. Wannan kuwa ba ya shiga banki.

Na'urar ta yi wata da watanni a kwali a saman sif. Wadda ta sauko da ita 'yar Yaya ce, mai sunan Inna, da muke kira Ummi. Ta gama sakandare tana zaune. Na koya mata ta bidiyo, yanzu ita ke aunawa ta rubuta a littafin makaranta ta turo mini hoto. Lambar farko da na gani 180 bisa 105 ce, ranar ban yi barci ba. Ita ta gano Inna na raba ƙwayar biyu don ta daɗe. Ita kuma Inna ke jin maganarta, don ba ta iya yi wa takwararta musu. Yanzu har matan maƙwabta suna shigowa a auna su, wai "likita tana nan?"

To ni abin da nake so shi ne ta shiga makarantar koyon kiwon lafiya ta jiha, ta yi karatun ma'aikatan lafiya na karkara, shekara uku ne, ta dawo garin ta zauna. Ni zan biya komai. Yaya ya ce hanya biyu ce: ko in ɗauke ta in kawo ta Amurka, ko ya aurar da ita, don akwai mai nema. Na ce aure ba ya hana karatun nan, su ma na nan da aurensu da 'ya'yansu suke aikin. Na ba shi labarinsu tun daga tarin fuka har yau. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce: "Ke ma ai don garin aka karantar da ke. Shanun Baba biyu suka tafi. Yanzu kina ina?"

Na kashe wayar. Maigida ya ce in bar shi, zafin talauci ne. Ba na jin zafin talauci ne kaɗai, kuma ba zan ce ƙarya ya yi ba. Amma da ban fito ba, wa zai biya kuɗin makarantar yaransa huɗu, wa ya yi rufin ɗakin Inna? In na tashi jin haushi nakan lissafa waɗannan, in dare ya yi kuma lissafin ba ya isata. Lokacin da na haifi Abba ba wanda ya dafa mini ruwan wanka, kunun kanwa da kaina na dama da garin da na taho da shi. Matan ƙauyukan nan ana kawo su Bethel wata guda kafin haihuwa su zauna a gidan masu jiran haihuwa, nakan gan su a kanti suna ta waya da iyayensu mata. Su aƙalla jirgin minti arba'in ne tsakaninsu da gida.

Inna na tambaya ra'ayinta, ta ce ita ba ta shiga tsakanin ɗa da uba, amma dai yarinyar hannunta da sanyi. Wanda ya san Inna ya san ta gama magana. Kuɗin fom na tura ta hannun matar Yaya, Ummi ta cike, an kai. Shi bai sani ba tukuna, kuma ranar da zai sani na san sai na kashe wayar nan kafin in samu in yi aiki.