Yammacin da Falcon Heavy Ta Tashi a Kan Idona

Ranar Talata, 25 ga Yunin 2024, bayan azahar, muka bar Orlando a jihar Florida ta Amurka ni da yayana don kallon harba rokar Falcon Heavy, muka miƙi hanya mai lamba 50 zuwa gabas. Tafiyar ba ta kai awa guda ba, galibinta fadama ce da ciyayi. Ni dai idona na kan sama, domin hadari ya haɗo, kuma an ce idan gajimare ya yi kauri ba za a harba rokar ba.

"Yaya, idan aka ɗage fa?"

"Sai mu kwana mu dawo gobe. Ka kwantar da hankalinka."

A Titusville muka tsaya, a bakin kogin Indian River. Mutane sun riga mu, kowa da kujerarsa da lemarsa, wasu da kyamarori masu dogon baki. A tsallaken ruwa ga katafaren ginin da NASA ke harhaɗa rokoki, mai tsawon mita 160, can gefensa kuma dandalin harba rokoki mai lamba 39A. Daga nan Apollo 11 ya tashi zuwa wata a 1969. Yanzu kamfanin SpaceX ke hayar wurin, kuma rokarsa ce tsaye a kai, daga nesa kamar farin tsinke.

Wani dattijo da ke kusa da mu ya miƙo mini tabaron hangen nesansa. Sai a lokacin na ga siffarta sosai: rokoki uku ne aka haɗa kafaɗa da kafaɗa, kowacce da injin Merlin 9, duka 27, tsawonta mita 70. Wani farin tururi na ta fita daga jikinta. Dattijon ya ce iskar oksijin ce da aka sanyaya har ta zama ruwa, ita ake haɗawa da tataccen kananzir. Na jima ina mamakin wannan, wato dangin man da ake zuba wa fitila ne zai ɗaga wannan abu.

Ƙarfe 5:26 wuta ta tashi a ƙarƙashinta. Abin da ban taɓa sani ba duk da bidiyon da na kalla shi ne shirun. Rokar ta ɗaga, ta wuce hasumiya, haskenta na kashe ido da rana tsaka, amma babu ƙara ko kaɗan. Sai da aka yi kusan minti guda sautin ya ƙetaro ruwa ya iso mu. Ba rugugin tsawa ba ne, ya fi kama da ana yayyaga wani ƙaton ƙyalle, kuma a ƙirji na fi jin sa. Ban san lokacin da na kama hannun yaya ina faɗin Allahu Akbar ba.

Bayan kamar minti 8, jama'a suka juya kudu maso gabas. Rokokin gefe biyu sun dawo, ɗigo biyu na faɗowa, kowanne ya kunna wuta ya rage gudu, suka ɓace a bayan bishiyoyi wajen Cape Canaveral. Sannan ƙarar dawowarsu ta daki kunnuwanmu kamar an harba igwa. Ta tsakiyar ba a dawo da ita ba, ta ƙarar da man da ke cikinta wajen tura kayan da ta ɗauko.

Kayan nan su suka fi tsaya mini a rai, ko da yake a bakin kogin kusan kowa zancen saukar yake yi. Tauraron ɗan'adam ne na hasashen yanayi, GOES-U, mai nauyin kusan tan 5, wanda kamfanin Lockheed Martin ya ƙera wa NOAA, hukumar kula da yanayi da tekuna ta Amurka. Mazauninsa kilomita 35,786 ne daga doron ƙasa, inda zagayensa ke daidai da juyawar duniya, shi ya sa yake zama kamar an kafe shi wuri guda. Daga can yake lura da guguwar tekun Atilantika, da walƙiya, da gobarar daji, har da abin da rana ke fesowa. Amfanin babbar roka ke nan: ta kai shi kusa da mazauninsa, ya adana nasa man, ya daɗe yana aiki. Tashin Falcon Heavy na farko a 2018 mota ta ɗauka don gwaji. Wannan na 10, abin da ta ɗauka zai sa a gargaɗi mutanen gaɓar teku su tashi kafin ruwa ya ci gidajensu.

Na mayar wa dattijon tabaronsa, na yi masa godiya. Ya ce gidansa na nan kusa, kuma duk damina yana bin hotunan irin waɗannan taurari don ya san ranar da zai toshe tagoginsa da katako.

Cunkoson komawa ya riƙe mu har magariba. Yaya na tuƙi, ni kuma ina ta leƙen sama ta taga, alhali na san babu abin da zan gani sai hadarin da ya ƙyale mu.