Wasiƙa daga Madrid: ga masu tambaya ko Turai ta kusa durƙushewa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa da abokan arziki. Muna lafiya, da fatan ku ma haka. A yi mini afuwa da gajeriyar gaisuwa, maganar ce da yawa.

Saƙonninku ba su daina shigowa ba, kuma kusan tambaya ɗaya ce ake sauya mata riga. Wani ya ce wai da gaske ne ƙasashen masana'antu sun kama hanyar rushewa? Wani ya turo mini bidiyon mai sharhin da ya yanka wa duniya ranar mutuwa, har da wata da shekara. Amsa ɗaya-ɗaya ta gajiyar da ni, shi ya sa na ce bari in haɗa ku gaba ɗaya. Zan taɓo lantarki, da taki, da sauyin yanayi, da batun ƙarewar man fetur, in hali ya yi.

Mai sa rana dai, ko mabiya yake nema ko yana da abin sayarwa. Amma wanda ya ce muku wannan tsari ba ya girgiza, shi ma daga nesa yake hangensa.

Ranar Litinin 28 ga Afrilun 2025, da ƙarfe 12:33 na rana, wuta ta ɗauke a Sifaniya da Fotugal baki ɗaya. Gwamnatin Sifaniya ta ce cikin daƙiƙa biyar aka rasa gigawat 15, kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha a lokacin. Ba yaƙi, ba guguwa, sama garau. Na san wasunku sun yi dariya, wai don yini ɗaya ba wuta ake wannan kururuwa. To ku ji abin da yini ɗaya yake nufi a garin da ya rataya komai a jikin waya.

Benen da muke ciki, injin lantarki ne ke tura ruwa zuwa sama, don haka kafin la'asar famfo ya koma tari. Murhun girki na lantarki ne. Maƙwabcina yana da mota cike da mai a gareji, amma ƙofar garejin na'ura ce ke ɗaga ta. A gidajen mai kuwa man na nan kwance a ƙarƙashin ƙasa, abin zuƙo shi ne ya mutu. Jiragen ƙasa suka tsaya cikin rami, mutane suka riƙa fitowa da fitilar waya suna bin dogo, kuma fasinja wajen 35,000 aka kwaso daga jiragen da suka maƙale a faɗin ƙasar. Waya ta ɗan ja numfashi, sannan sabis ya yi ta janyewa, don batiran turakun sadarwa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ka ga uwa a bakin titi tana ɗaga waya sama, ba ta san ko an sallami ɗanta daga makaranta ba.

A wani ɗan kanti na layinmu na ga wani mutum sanye da kwat, ka gan shi ka ga mai hali. Ya ɗauki robar ruwa biyu, ya miƙa kati, ya miƙa waya, har agogon hannunsa da ake biya da shi ya miƙa, duk a banza. Ko sulalla babu a aljihunsa. Mai kantin ta yago bayan kwali, ta rubuta sunansa da abin da ya ɗauka, ta ce ya kawo in an kawo wuta. Wadda ta zama sarauniyar layin a ranar kuwa wata tsohuwa ce mai 'yar rediyon batir. Ta ɗora ta a taga, jama'a suka yi cincirindo a ƙasa suna saurare, har da matasan da ban taɓa ganin sun ɗago kai daga waya ba. Kuma abin bai tsaya a wasa ba: a yankin Galisiya hayaƙin janareta ya kashe mutum uku 'yan gida ɗaya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, wanda na yi ta bin diddiginsa daga baya, shi ne yawancin tashoshin wuta ba sa iya tashi sai da wuta. Famfunansu da na'urorin sarrafa su duk lantarki suke ci. Ƙalilan ne ke iya tayar da kansu daga duhu, galibi na madatsun ruwa. A Fotugal da madatsar Castelo de Bode da wata tashar gas kusa da Porto aka fara. Sifaniya kuma ta ɗosano daga Faransa da Maroko, ana kunna yanki-yanki a hankali, don in aka yi gaggawa sai komai ya sake faɗuwa. Sai wayewar gari aka ce wuta ta koma kusan ko'ina.

Dalili shi ne, lantarkin da ake sha dole ya zo daidai da wanda ake samarwa a kowace daƙiƙa, kuma injinan wuta na yawancin ƙasashen Turai suna tafiya da bugu ɗaya, sau 50 a daƙiƙa. In lissafin ya karkace, kowace tasha sai ta cire kanta don kada ta ƙone, ficewarta kuma ta ƙara wa na kusa da ita nauyi. Rahoton gwamnati ya ce ƙarfin wutar ne ya hau sama, ba a samu isassun masu danne shi ba, tashoshi suka yi ta zamewa. Muna yabon tsintsiya da cewa maɗaurinta ɗaya, ba mu cika tuna abin da ke faruwa in maɗaurin ya tsinke ba. Tsibiran Kanari da na Baleyar na Sifaniya, da ba su dogara kacokan da babban layin wutar ƙasar ba, da wutarsu suka yini.

Kada ku ɗauka Sifaniya ce kawai. A Fabrairun 2021 sanyi ya sauka a jihar Texas ta Amurka, rijiyoyin gas suka daskare, tashoshin da ke ƙona gas suka rasa abin ƙonawa, wasu injinan tura gas ɗin kuma aka yanke musu wuta, kowa na jiran kowa. Gidaje fiye da miliyan 4 suka shiga duhu, hukuma ta ƙirga mutum 246 da suka rasu. Masu kula da layin wutar jihar sun ce saura minti 4 da daƙiƙa 37 ya rage komai ya faɗi, kuma da ya faɗi, gyaran na iya cin makonni ko watanni. Manyan taransfoma ba kayan kanti ba ne, sai an yi oda, kuma yanzu ana iya jiran guda ɗaya shekaru. A Maris 1989 ma, ba hannun kowa, guguwar maganaɗisu ce daga rana ta kashe wutar lardin Quebec na Kanada na awa tara.

Bari in ɗan huce haushina a nan, don yana da alaƙa. A ƙasar nan ba ka zuwa ofis kai tsaye, sai ka kama layi ta intanet. Don ka sabunta katin zama sai ka samu ranar ganawa, ranar kuma shafi ne ke bayarwa, shafin kuma kullum cewa yake babu gurbi. In ka ci sa'a ya buɗe, sai ya tura lamba zuwa wayarka, in ba ka shigar da ita da wuri ba ka koma farko. Wasu takardun ba ka samunsu sai da shaidar sa hannu ta kwamfuta, ita kuma shaidar ba ka samunta sai ka je ofis da kanka, ofishin kuma sai da ranar ganawa. Na taɓa tsayawa gaban wata ma'aikaciya da takarduna cif a hannu, ga hotona, ga fuskata, ta ce na'ura ba ta aiki, in sake neman rana. Na ce ranki ya daɗe, ga ni ai, ga takardar. Ta ɗaga kafaɗa cikin ladabi. Ban ga laifinta ba, don ba a bar mata ko fom ɗin takarda da za ta cike da biro ba. An kwashe rajistar, an sallami waɗanda suka iya ta. Sunana, izinin aikina, albashina, tarihin jinyata, duk suna cikin wata na'ura a wani gini da ban san inda yake ba. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuskure ɗaya a sabunta manhajar kamfanin CrowdStrike ya tsayar da kwamfutoci wajen miliyan 8.5 a duniya, har aka koma rubuta katin shiga jirgi da hannu a wasu filayen jiragen sama. Waɗanda suka tuna yadda ake yi ne suka fitar da jama'a kunya.

To me ya sa masu wannan ilimi suka bari abu ya zama haka? Ba wauta ba ce, lissafin riba ne. Ajiya kuɗi take ci. Sito kuɗi ne, injin ko-ta-kwana kuɗi ne, ma'aikacin da ke zaman jiran ranar da ba a fata kuɗi ne. Kamfanin da ya rage waɗannan ya fi abokin gasarsa araha, don haka kowa ya rage. Kaya su iso yau a sayar gobe. Tsarin yana aiki, kuma shi ya sa abubuwa da yawa suka yi sauƙin samu, amma bai bar wurin tuntuɓe ba. A Maris 2021 jirgin ruwa guda, Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gitta a mashigin Suwez na kwana shida, jirage fiye da 400 suka yi layi, a hanyar da kusan kashi 12 cikin ɗari na cinikin duniya ke bi. Ƙananan ƙwaƙwalen da ke cikin waya da mota da na'urar asibiti, mafi ingancinsu kusan duka a Taiwan ake yi, injin da ake buga su da shi kuma kamfani ɗaya ne a Holan, ASML, ke ƙera shi. Jamus ta wayi gari a 2022 fiye da rabin gas ɗin da take shigowa da shi daga Rasha yake zuwa.

Yanzu ga masu dariya. Wanda ya saba da duhu ya fi mutumin kwat ɗin nan iya kwana ba wuta, wannan ba musu. Amma hannun wannan tsari ya wuce soket. Takin zamani irin su yuriya daga iskar gas ake yinsa, ta hanyar da Fritz Haber ya gano a 1909, Carl Bosch ya mayar da ita masana'anta a 1913, kuma masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya da amfanin wannan taki suke rayuwa. Da gas ya yi tsada a 2022, masana'antun taki a Turai suka rage aiki, manomin da bai taɓa ganin Turai ba ya ji a jikinsa. Sri Lanka ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya a Afrilun 2021, amfanin gona ya faɗi, ga bashi, ga ƙarancin mai, kafin ƙarshen Yulin 2022 shugaba Gotabaya Rajapaksa ya tsere daga ƙasar. Haka maganin ciwon suga, da allurar rigakafi da sai a firiji, da dizal ɗin motar da ke ɗauko su. In babbar na'urar ta yi tari, masu kuɗi ne ke fara saye abin da ya rage, na ƙarshen layi kuma shi ke fara rasawa. Da ni ne, da na rage dariyar, na duba abin da gidana ba ya iya mako biyu babu shi, da kuma daga ina yake zuwa.

Ni a ganina, in rushewar za ta zo, ba da ƙara za ta zo ba. Ku dubi Lebanon. Daga 2019 bankuna suka hana mutane cire ajiyarsu, kuɗin ƙasar ya narke, a Oktoban 2021 manyan tashoshin wuta biyu suka ƙare da mai, layin wutar ƙasar ya mutu ɗungurungum. Ba a wayi gari an ga kango ba. Ofisoshi na nan, tuta na nan, sai dai abin da ya lalace ba a gyarawa, likitoci da injiniyoyi suna ficewa, mai hali ya sayi wutarsa, marar hali ya haƙura. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan duhun yini ɗaya, don Sifaniya ta dawo da wutarta ne saboda akwai ƙwararru a bakin aiki, akwai kayan gyara, akwai maƙwabtan da suka miƙo hannu. Ranar da aka rasa ɗaya daga cikin ukun, lissafin ya sauya.

Su kansu hukumomin nan sun daina ɓoye-ɓoye. A Maris 2025, wata guda kafin ɗaukewar wutar Sifaniya, Tarayyar Turai ta shawarci kowane gida ya tanadi abin da zai riƙe shi awa 72. Mutane suka yi ta barkwanci da shawarar. Suwidin kuwa tun a 2018 ta aika wa gidaje ɗan littafin shirin ko-ta-kwana, ta sake aikawa a 2024. Ni dai yanzu akwai jarkokin ruwa a bayan ƙofa, da tocila, da rediyon batir, da 'yan kuɗi a hannu, da lambobin waya a rubuce a takarda, da kwafin kowace takardar shaida. Na kuma koyi sunayen maƙwabtana, abin da a da sai dai mu gyaɗa wa juna kai a matakala.

Na yi alkawarin man fetur da sauyin yanayi, ga shi wasiƙa ta yi tsawo. Na fetur sai wani jiƙon. Na yanayi kuwa misali biyu: a zafin 2022 kogin Rhine ya janye har jiragen dakon gawayi da sinadarai suka koma ɗaukar wani ɓangare na lodinsu, a daidai lokacin da Jamus ke neman gawayin don cike gurbin gas. A Faransa kuma ruwan koguna ya yi ɗumi har wasu tashoshin nukiliya suka rage aiki, don da shi suke sanyaya injinansu. An gina waɗannan abubuwa ne bisa zaton kogi zai ci gaba da halinsa na da.

A gaida kowa da kowa. Mai tambaya ya ci gaba da turowa, amma don Allah a rage bidiyon masu sa rana.

Naku,
ɗan'uwanku a Madrid